Laifin Akuyar Kakata

A shekarar da na shiga aji biyu a fannin shari'a, kafin yaƙi ya watsa mu, muna zaune a Umbadda cikin gida mai ɗaki uku da rumfa: ni, da iyayena, da Kaka mahaifiyar Baba, da akuya guda. Na sa akuyar a ciki ne domin haka Kaka take yi. In baƙo ya tambaye ta mu nawa ne a gidan, sai ta ƙirga har da ita, wani lokacin ma ta ambace ta kafin ni.

Ja ce, da farin tabo a goshi, kunnenta ɗaya a tsage. Asalinta daga Jazira ne. Wata kakarta ta can baya ce ta hau bayan lori tare da Kaka shekarar da suka bar tsinkar auduga suka dawo birni, tun daga nan uwa take barin 'ya a gidanmu. Da nononta Kaka take dama furarta, wadda a nan ake ce wa godogodo, da ita kuma take hira in ta gaji da mu.

Ni kuwa a lokacin rabin hankalina yana kan ruwa. Kullum da safe nakan hau bas in haye gada zuwa Khartum, in manna goshi a gilashi ina kallon kogi, ina haɗa 'yan baitoci a gefen littafina. A zangon nan ne aka koya mana yadda doka ta rarraba laifuka: akwai na haddi, akwai na ƙisasi, saura kuma duk ta'aziri ne, wanda aka bar wa alƙali ya auna. Manyan suna ba ni tsoro. Ƙananan na fi so, domin in ina karanta su sai in ga kamar layinmu aka zana: damun jama'a da ƙara, zubar da ruwan wanki a kan hanya, ɓata kayan wani, sakaci da dabba. Kowanne na san fuskarsa, na san ƙofar gidansa.

Ƙofar da take kallon tamu ta wani dattijo ce, tsohon malamin makaranta da ya yi ritaya, kowa Ustaz yake ce masa. Mutum ne mai tsari. Jallabiyarsa ba ta taɓa sanin lanƙwasa ba, in ya ce ƙarfe huɗu to ƙarfe huɗu ne. Ya dasa ɗan itacen lemon tsami a gefen ƙofarsa, ya kewaye shi da tsofaffin gwangwanaye da waya, shekara uku yana rainonsa. A wannan shekarar ya yi furen fari. Ƙanshinsa yakan tsallako titi da yamma, har na rubuta masa baiti biyu.

Akuyarmu ta riga ta taɓa ci masa jarida, ya yafe. Ta ci kuɓewar da matarsa ta shanya, ya yafe. Ranar wata Alhamis na dawo daga makaranta na iske shi tsaye, hannuwansa a baya, yana kallon wani tsinke da ya kai tsawon cokali. Lemon ke nan. Akuyar tana zaune a inuwar katangarmu tana tuƙa, idanunta a lumshe, bakinta yana ƙanshin turare.

Bai yi faɗa ba. Ya shiga gida ya naɗo rawani ya fita. Kafin magariba ɗan sanda ya kawo takarda: ana neman mai akuya a ofishinsu ranar Lahadi da safe.

Baba ya dawo daga kasuwa, inda yake gasa naman agashe, ya karanta takardar sau biyu, ya ninke ta.

"Inna, ki ji ni da kyau," in ji shi. "In maganar nan ta mutu a wurin 'yan sanda, shi ke nan. In ta wuce ta kai gaban alƙali, a ranar zan kai akuyar nan kasuwar dabbobi. Shekara hamsin da ɗoriya ban taɓa taka kotu ba, ba zan fara a kan akuya ba."

A daren nan Kaka ba ta ci tuwo ba.

Washegari bayan an sauko daga Juma'a ta kira ni rumfa.

"Ke mai karatun alƙalanci, zo ki gaya mini, kwana nawa za a yi mata?"

"Wa?"

"Ita mana."

"Kaka, ai ba ita ake ƙara ba. Ke ake ƙara."

Ta dube ni kamar wadda ta ga asarar kuɗin makaranta tana tafiya da ƙafa biyu. Sai ta yi mini bayani a hankali. A Jazira, in dabba ta faɗa gonar auduga, mai gadi yakan kora ta zuwa wani garke da ake kira hawamil, inda ake tsare dabbobin da suka yi ɓarna. Ta kwana biyu ko uku a can ta yi nadama, mai ita ya zo ya ba da haƙuri ya fanso ta. Ba a taɓa jin an tsare mai jaki an bar jaki yana yawo ba.

"Wanda ya ci shi ake ɗaurewa," in ji ta. "Ni na ci masa lemo? Da waɗanne haƙoran?"

A nan ya kamata in kwantar mata da hankali, in ce ƙaramar magana ce. Amma shekara biyu ina karatu ba wanda ya taɓa tambayata komai a gidan nan sai inda na ajiye ludayi. Na tashi na ɗauko littafi, na gyara zama, na share murya.

Na ce mata wannan ba haddi ba ne, ba ƙisasi ba ne, ta'aziri ne, kuma daga can ƙasa-ƙasa. Hukuncin irinsa yakan zama ɗauri na ɗan lokaci, ko tara, ko duka biyun.

"Amma kada ki damu da ɗauri," na ce. "An koya mana cewa wanda ya kai saba'in ba a kai shi kurkuku a kan irin wannan."

"To ni ina ruwana da wannan?"

"Ai kin wuce saba'in."

"Wa ya gaya miki?"

"Takardarki."

"Takardar nan wani likita ne ya leƙa bakina ya rubuta abin da ya ga dama. Ranar ma ina mura. Ni saba'in? Sittin da 'yan kai."

"Kaka, Baba fa ya kusa sittin."

"Shi ya sani. Shi ya yi saurin tsufa, hayaƙin nama ne."

Na ce to, in ta dage ba ta kai ba, za a iya ɗaure ta. Ta shiga juya carbi. Na ga da idona yadda take auna abu biyun, kurkuku da saba'in, kuma ban ga alamar saba'in tana rinjaye ba.

"In an yarda mutum ya tsufa, me ake yi masa?"

Na duba littafi. Na ce ana iya nisanta shi daga garin na wani lokaci.

"Zuwa ina? In Jazira ce, su ba ni mota."

Na ce ko kuma a damƙa shi a hannun wani nasa, ya ɗauki alkawarin kula da shi.

"Wane nawa?"

"Kamar Baba."

"A damƙa ni a hannun yaron da na yaye? Wanda har ya shiga makaranta yana tsoron zakara?" Ta miƙe tana kakkaɓe zani. "Rufe littafin nan. Wanda ya rubuta shi ba shi da uwa."

Ranar Asabar ta wuni tana shiri. Ta yi wa akuyar wanka da sabulun wankan mahaifiyata, ta goge mata ƙahonni da man gyaɗa. Ta ɗaure damin harawa da ƙaramin kwano, kayan zaman kurkukun akuya ke nan. Ta kuma ɗaure wani ƙunshi da tabarmar salla da buta da maganin gwiwa, ko da nawa karatun ne ya fi nata gaskiya. Na ce mata ba a zuwa da dabba. Ta ce a bar mai laifi a gida a tafi da wa?

Da safiyar Lahadi muka tare raksha, wato babur mai ƙafa uku. Direban ya dubi akuyar ya ce ba ya ɗaukar dabbobi. Kaka ta ce masa gwamnati ce take nemanta, in yana so ya hana, ya faɗi sunansa a rubuta. Muka shiga mu uku. Akuyar ta zauna a tsakiya, ta fitar da kai tana kallon Umbadda tana wucewa, iska tana kaɗa mata tsagaggen kunne. Na tuna a lokacin na yi tunanin cewa a cikinmu ita kaɗai ce zuciyarta take fara tas.

A harabar ofishin akwai dogon benci ƙarƙashin darbejiya, kuma duk babin da na fi so yana zaune a kansa. Ga mace da maƙwabciyarta ta kai ta saboda ruwan wanki, suna zaune kusa da juna suna cin gyaɗa leda ɗaya. Ga mutumin da lasifikar bikin ƙaninsa ta hana unguwa sakat kwana uku. Ga mai amalanken jaki da ya goge wa wani fentin ƙofa. Ustaz yana can ƙarshe, a miƙe kamar alli, da tsinken lemon a naɗe cikin jarida a kan cinyarsa. Kaka ta gaishe shi, ta tambayi iyali, ya amsa, ya tambayi gwiwarta. Akuyar ce kawai bai kalla ba.

Da aka kira mu, muka shiga wani ɗaki mai fanka da ba ta juyawa. Ɗan sandan da yake bayan tebur dattijo ne mai furfura a gashin baki, da ƙaton littafi a gabansa. A nan Janabu ake ce wa 'yan sanda don girmamawa.

"Wace ce ake ƙara?" ya tambaya, bai ɗago ba.

Kaka ta tura akuyar gaba da gwiwa. "Ga ta, Janabu. Ba ta musu."

Ya ɗago. Ya dubi akuyar, ya dubi harawa da kwano, ya dube ni.

"'Yata, ke ce me?"

"Jikarta ce. Ina karatun shari'a."

"Aji nawa?"

"Biyu."

"Allah Ya sauƙaƙe," in ji shi, ban san ko ni yake yi wa addu'a ba ko kansa.

Ustaz ya buɗe jarida ya ajiye tsinken a kan tebur, ya ba da labarinsa daga ranar da ya sayo shi, da kwanan wata. Janabu ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce wannan magana ce ta maƙwabta, bai ga dalilin da za ta hau sama ba. In mai ƙara ya yarda ya janye, Hajja, wato Kaka, za ta sa hannu a ta'ahhud, wato rubutaccen alkawari, kowa ya tafi gida. Ustaz ya ce shi ba ya neman ko sisi. Kalma ɗaya yake so a rubuce: ba za a sake ba.

Na ji kamar an sauke mini tulu daga ka. Wannan ko hukunci ba a kira shi, a ƙarƙashin matakalar hukunce-hukuncen gaba ɗaya yake. Ba ɗauri, ba tara, ba alƙali, ba kasuwar dabbobi. Janabu ya rubuta layi uku, ya turo takardar da ɗan akwatin tawada na dangwala yatsa.

"Karanta mini," in ji Kaka.

Na karanta, na mayar mata da Hausa: ni wance na ɗauki alkawari akuyata ba za ta sake taɓa kayan maƙwabcina ba.

Ta janye hannunta ta cusa cikin mayafi.

"Za ta sake."

"Na'am, Hajja?" in ji Janabu.

"Na ce za ta sake. Na san ta, na san uwarta, na san uwar uwarta. Duk gidansu ba mai barin abin da ya ɗanɗana. Yanzu haka da muke magana tana tunanin kuɓewarsa."

Na matsa kusa da kunnenta. "Kaka, don Allah. Kowa yana sawa. Takarda ce kawai."

"Mala'iku ba sa karanta takarda?"

"Kaka, in ba ki sa ba za a tura wa alƙali. Kin ji abin da Baba ya ce."

Kaka ta ɗora hannu a bayan akuyar. Amma yatsan nan bai fito ba.

"Janabu, ɗana," ta ce da Larabcinta na gona, "ba ku da bulala? Ku yi mini biyar a wuce wurin. Na sha rana a auduga, bulala biyar ba komai ba ce."

"Hajja, wa zai daki uwarsa? Ba ma yin haka."

"To ku tsare ta kwana uku. Ga abincinta na kawo."

"A ina? Ɗaki ɗaya gare mu, akwai mutum huɗu a ciki."

"Ba ta da faɗa."

Wani ɗan sanda da yake tsaye a bakin ƙofa ya juya ya fita da sauri, kafaɗunsa suna girgiza. Janabu ya shafa gashin baki, ya ce shekararsa talatin a aikin nan, ya ga masu rantsuwa ba su yi ba, ya ga masu kuka, ya ga masu suma, amma yau ya fara ganin wadda aka ce ta tafi gida ta ce sai an dake ta. Ya jawo littafinsa ya ce to ba shi da yadda zai yi, sai ya tura takarda gaba.

Sai Ustaz ya yi gyaran murya.

"Hajja tana da gaskiya," ya ce, kamar maganar tana yi masa ciwo a haƙori. "Jumlar ba daidai take ba. Ba a ɗaukar alkawari a kan abin da wani zai aikata. Da ɗalibina ne ya rubuta, da na ja masa jan layi."

"To Ustaz ka janye haka nan?"

"A'a. Shekara uku, Janabu."

Ni kuwa ina tsaye ina kallon ƙurar da take yawo cikin hasken taga, sai wani abu daga darasin makon jiya ya faɗo mini, a karo na farko da karatuna ya zo a kan lokaci: ba a kama mutum sai da aikin kansa. Na ce, da muryar da ta fi wadda na yi niyya siranta, me zai hana a rubuta abin da Kaka da kanta za ta yi, a bar akuya da halinta?

Janabu ya ɗaga gira. "Aji biyu, ko? To Hajja, me za ki iya yi? Za ki ɗaure ta?"

"Tana cin igiya."

"Sarƙa fa?"

"Kare ce?"

"Ki riƙa rufe ƙofa."

"Gidan da mutum biyar suke shiga suna fita? Ɗana kansa ba ya rufe ƙofa, a bayan lori aka yi goyonsa."

Ta yi tunani, tana sosa wa akuyar tsakanin ƙaho. Sannan ta ce abu ɗaya ta san hannunta zai iya. A Jazira ita take gina rumbunan gidansu da laka. In Ustaz ya sake dasa wani lemon, za ta kewaye shi da ginin da akuya ba za ta kai ba ko ta miƙe a kan ƙafa biyu. Wannan za ta dangwala masa yatsa goma in ana so.

Ustaz ya ce ya yarda, da sharaɗin a rubuta tsawon ginin. "Ba za ta kai ba" ba awo ba ne.

"To nawa take kaiwa in ta miƙe?" in ji Janabu.

Ba wanda ya sani. Janabu ya tashi daga kujerarsa, ya zari harawa daga damin Kaka, ya je jikin bango ya ɗaga ta sama. Akuyar ta bi shi, ta kafa ƙafafun gaba a bangon hukuma, ta miƙe, ta miƙa wuya, ta zaro harshe. Ustaz ya ce a ƙara ɗagawa, ya san ta, tana ɓoye wani abu. Aka ƙara. Ta ƙara. Masu zaman benci duk sun taru a taga, mai ruwan wanki tana cewa saura kaɗan, saura kaɗan. A daidai inda harshen ya tsaya Janabu ya ja layi da biro. Ustaz ya fito da ma'auni daga aljihun jallabiya, domin shi mutum ne da yake yawo da ma'auni, ya auna, ya ƙara taƙi ɗaya saboda tsaro.

Aka yaga takardar farko aka rubuta sabuwa. Na karanta wa Kaka sau biyu. Ta fito da babban yatsa, ta dangwala a tawada, ta danna shi da ƙarfin da sai da tebur ya motsa. Ustaz ya sa hannu ya janye ƙara. A hanyar fita ta bar wa Janabu sauran harawar, wai ko wata akuyar ta zo.

Da dare Baba ya ji yadda aka ƙare. Washegari da asuba na ji shi yana sauke buhunan ƙasa a ƙofar Ustaz kafin ya tafi kasuwa.

Kwana shida muka yi muna gini, Kaka tana ɗora laka, ni ina miƙo mata, littafina a buɗe a kan gwangwani yana shan ƙura. Ustaz yana zagaye mu da ma'auni. Akuyar tana kwance a tsallaken titi tana kallon aikin kamar ita ta ba da kwangila. Da aka gama, abin ya fito kamar rijiya da aka gina ta sama: zagayayye, sumul, ya kai ni kafaɗa har ya wuce. Sabon lemon yana can ƙasa a ciki, ganye huɗu, rana tana leƙa shi sau ɗaya in ta take tsaka.

Bayan mako biyu Ustaz ya ƙwanƙwasa mana ƙofa da la'asar. Ya gaisa, ya sha ruwa, ya yi ta juya kofi a hannu. Can ya ce gini ya yi kyau, ba shi da abin cewa, akuya ta gwada sau uku ta haƙura. Sai dai shi ma ba ya ganin itacen. In yana so ya duba shi sai ya hau kujera, ga shi da jiri. Ko Hajja za ta taimaka ta huda masa 'yar taga a gefe, ko da kamar tafin hannu?

Kaka ta juyo gare ni. "Ke, a takardar nan an rubuta taga?"

Na ce ba a rubuta ba.

"To ka ji, Ustaz," in ji ta, tana miƙa masa kwanon godogodo. "Ni abin da na sa wa yatsa shi na yi. In taga kake so, sai mu koma wurin Janabu."